Hannun Hanratty

Ranar Alhamis aka tafi da Fergus Mulcahy, shekara saba'in da huɗu, kan laifin ɓata kayan gwamnati. Sufeto Noreen Tierney ce ta kama shi, shi kuwa aminin mahaifinta ne.

Tun Litinin aka kai rahoto ofishin 'yan sandan Port Carrick, jihar Pennsylvania: gunkin tagulla na Cormac Hanratty, ɗan kasuwar da ya zo daga Ireland ya zauna a majalisar jihar ta farko, ya wayi gari babu hannun dama. Saura kwana shida faretin Waliyyi Patrick, bikin 'yan Ireland na shekara-shekara. Kafin rana ta yi tsaka an tsare Ignacio Paredes, mai sayen tsofaffin ƙarafa, an garƙame shagonsa. Wani dattijo ya ce ya ga motar Paredes a dandalin da gunkin yake.

"Sufeto, kin duba dungulmin?" in ji Paredes. "Ɓarawo zarto yake sawa. Wannan karyewa ya yi."

Ta je ta duba. Karaya ce. A gindin gunkin akwai gogar koren fenti, daidai tsayin gwiwarta.

Motar ɗaukar kaya ɗaya ce koriya a garin, ta Ƙungiyar 'Yan Ireland. Shekara arba'in Fergus ne ke tuƙa ta da tsani a baya, ya rataya wa gunkin koren mayafi kafin fareti. Shi ne kuma dattijon da ya ga Paredes.

Ta same shi a garejin ƙungiyar yana shan shayi.

"Noreen! 'Yar Dinny! Kin rame, aikin nan ba ya ciyar da mutum?"

"Kawu, yaushe motar nan ta fita?"

"Tun bara tana nan."

"Fitilar hagu sabuwa ce."

"Ɓeraye," ya ce, yana dariya shi kaɗai.

Ta miƙa masa takardar shaidar da ya bayar. "Sa hannu a kan layin."

Ya kai takardar har hancinsa. Ya sa hannu can gefe, inda babu layi. Noreen ta zauna kan akwatin kayan aiki, ƙafafunta na ciwo.

"Tun yaushe idon ya fara dushewa?"

Ya ajiye kofin shayin. "Tun Kirsimeti. Ranar Litinin da sassafe na kai motar dandalin don gwaji, kafin mutane su fito. Ina ja da baya tsanin ya doki hannun gunkin. In 'yan ƙungiya suka sani za su karɓe makullin, su ba ɗan Gallagher, wanda ko ɗaurin mayafin bai iya ba."

"Mutum ya kwana uku a tsare, Kawu."

"Na ɗauka kwana ɗaya za ku riƙe shi."

Hannun yana ƙarƙashin kujerar direba, naɗe cikin mayafin. Fergus ya nemi hularsa. Ta ɗauko masa, ta riƙe gwiwar hannunsa har mota, don akwai matakala biyu.

An saki Paredes da yamma. Shagonsa yana nan a garƙame: jami'in da zai sa hannu a buɗe ya ɗauki hutu, yana shirin fareti.