Mai Gadin Tsohon Bakau

Kwana huɗu da dawowata daga birnin Batam, Inna ta aike ni in kira Baba. Tun la'asar ya tafi duba tarkon ƙaguwa, ga magariba ta kawo kai.

"Atan, kada ka wuce Tsohon Bakau," in ji ta.

Duk ɗan garinmu ya san itacen nan da ke tsaye cikin laka a bakin teku. An ce 'yan fashin teku sun binne tulun zinariya a gindinsa, suka yanka bawansu a kai don ya yi gadi. Ni kuwa shekara bakwai na yi ina gadin sito a tashar jiragen ruwa, tatsuniya ta daina razana ni.

Na tura kwalekwale tsakanin saiwoyi. Laka na wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sauro na kuka. Sai ƙanshin turaren wuta, a inda babu gida.

Can na sami Baba a durƙushe, hannuwansa biyu sun nutse cikin laka. Teku ta fara cikowa, ruwa ya kai masa ƙugu.

"Baba, tashi mu tafi."

"Ba dama," ya ce ƙasa-ƙasa. "Cewa ya yi in riƙe masa, ya ɗan huta."

Na ja shi. Ko motsi. Na laluba ƙasa, na taɓo kunnen tulu, da wasu yatsu masu sanyi a kan na Baba.

Ruwa ya kai masa ƙirji.

Wani ya yi numfashi a bayan kunnena. "Ko shi, ko kai."

Raina ya ɓaci.

"Babu ko ɗaya," na ce. "Malam, iyayen gidanka sun mutu tuntuni. Wa kake yi wa gadi? Ni ma na yi aikin nan. Ranar da na gaji, makulli na ajiye na kama hanya. Sakar mini uba, ka tafi abinka."



Ruwa a haɓar Baba.

Sai yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

Na jawo shi cikin kwalekwale, ban waiwaya ba.

Tun daga ranar, kullum da safe muna tarar da sawun laka a matakalar gidanmu. Mai sawun ya hau mataki uku, ya tsaya, yana fuskantar hanya.

"Ka ce ya tafi, ba ka gaya masa ina ba," in ji Baba. "Bawan Allah bai iya komai ba sai gadi."

"To ya yi ta yi," na ce. "Amma ya taka na huɗu, ni da shi ne."