Ɗiyar Mahauci a Motar Malumfashi

Nafisa tana zaune bakin murhu, ruwan tuwo sai tafasa yake yana ƙonewa, ita kuwa ko muciya ba ta ɗauka ba. Mahaifiyarta Mairo ta fito daga ɗaki ta zabga salati.

"Ke Nafisa! Tukunyar za ki ƙona mani? Wai mi Hussainin ya ce maki a zaure kika shigo kamar an zare maki lakka?"

"Ya ce Alhajinsu ya ce a dakata da maganar sa rana."

"A kan mi?"

"Gwaggonsu ta Malumfashi ta aiko, ta ce ɗan gidansu ba ya auren ɗiyar mahauci. Alhaji kuma ba ya tsallake maganarta, ita ta goya shi."

"Mahauci!" Mairo ta tafa hannu. "Naman da ke cikin miyarsu daga sama yake faɗowa? Duk Ƙofar Marusa a nuna mani wanda ubanki Malam Iro ya taɓa cuta!"

Mairo ta yi ta kuka tana faɗa. Mai abin kuwa ko gezau. Ba fushi, ba baƙin ciki, zuciyar ta daskare kurum. Hussaini ya bugo waya yana cewa, "Sori Nafisa, wallahi ni ban janye ba, ki ba ni lokaci," ta ce "To," ta kashe. In an ba ta abinci ta ci, in an ce tashi ta tashi.

Ganin haka Mairo ta tura ta Kankiya sunan ɗan yayarta, ko hayaniyar biki ta farkar da ita. Ina! Yadda ta je haka ta juyo.

A bakin titi ta tari motar da ta taso daga Malumfashi za ta Katsina. Kujerar baya an cusa wata tsohuwa a tsakiya, ta rungume ƙullin kaya, gumi na keto mata. Ba su yi nisa ba warin fetur ya juya mata ciki, sai amai, har kan zanenta da ƙafafunta.

"Haba Iya!" in ji wani saurayi yana toshe hanci. "Direba tsaya, an ɓata mana mota!"

Kowa ya fice yana tsaki. Kai, mutane! Kamar ba su da tsofaffi a gida.

Nafisa ba za ta ce tausayi ta ji ba, don ba ta jin komai a kwanakin nan. Hannunta ne kawai ya kama aiki. Ta riƙo tsohuwar zuwa bayan wata bishiya, ta fasa fiya-wata ta wanke mata baki da ƙafafu, ta ciro zanen da ta yi biki da shi ta ɗaura mata, ta ƙulle mai ɓacin a leda. Da suka koma mota ta bar mata gefen taga.

"Sannu Iya, ki jingina da ni."

Kafin Caranci tsohuwa ta dawo hayyacinta, baki ya buɗe. Ta kwance bakin mayafi ta fito da dabino, suna ci tare.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Ni fa ba son tafiya nake ba, dole ce ta fito da ni. Ƙofar Kwaya za ni, gidan ƙanena Alhaji Abbas. Ɗansa Hussaini ya kwaso mana ɗiyar mahauci! Yau ɗin nan zan kashe maganar, kowa ya huta."

Dabinon da ke bakin Nafisa ya ƙi taunuwa. Wannan ce Gwaggo Furera ke nan! A hankali ta juya ta tofar da shi a tafin hannu, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska. Yaya za a yi ta ci abu a gaban suruka, ko da surukar da ba ta son ta ce?

"Ƙara mana," in ji tsohuwa.

"Ku bar shi, na ƙoshi."

Tsohuwa ta ɗan dube ta.

A tashar Katsina ba wanda ya zo tarbar Gwaggo, don ba ta sanar da zuwanta ba. Ta tsaya tana waige-waige, 'yan keke na ta danna mata oda. Nafisa ta yi taku kaɗan za ta wuce. Wa zai ga laifinta? Sai ta dawo ta ɗauki ƙullin, ta tsai da keke, ta ce da mai keken, "Ƙofar Kwaya, lungun bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure."

Da suka isa ta aje kayan a bakin zaure, ta cire takalmi, ta durƙusa can nesa.

"Ku huta gajiya, zan wuce."

"Tsaya nan!" Gwaggo ta dogara sandarta. "Ɗazu muna cin dabino lafiya lau, ina ambaton suna guda kika rufe fuska. Kin bar ce mani ke, kin koma ku. Gidan nan kuma ban kwatanta maki ba. Faɗi sunan yaron nan in ji."

Nafisa ta sunkuyar da kai.

"Ba ki iyawa, ko? Ɗiyar wa ce ke?"

"Ɗiyar Malam Iro ce. Mahauci."

"La'ilaha illallahu!" Tsohuwa ta dafa bango. "Kin ji da kunnenki abin da na taho yi maki, kuma kika ɗauko mani kaya har ƙofar gida?"

"Babanmu ya ce ba a barin tsoho a hanya."

Salatin ne ya fito da Alhaji Abbas, Hussaini na bayansa. Ganin wadda ke durƙushe, Hussaini ya ƙame a wurin.

Alhaji ya ce, "Yaya, saukar yaushe? Lafiya?"

"Abbas, na taho da magana, amma ta zube a hanya tare da aman da na yi." Hawaye na bin kumatunta. "Mota cike da 'ya'yan mutane, ba wanda ya taɓa ni sai wannan. Ni na ce a dakata, ni kuma na ce a tashi. Gobe da hantsi ku shirya, da ni za a je, in ba uwarta haƙuri da bakina."

Nafisa ta yi godiya ta sa takalmi ta tafi, har lokacin ba ta ji komai ba. Sai da ta shiga gida Mairo ta ce, "Kin dawo? Ya mai jego?"

"An ce a gaya ma Baba, gobe su Alhaji na nan tafe sa rana."

Jin maganar ta fito daga bakinta ne ya narkar da zuciyar Nafisa. Ta zube jikin uwarta tana kuka mai sauti, Mairo na tambaya ta kasa ba ta amsa.

'Yan'uwa, asalin mutum halinsa ne, ba sana'ar ubansa ba. Kuma alherin da ya fi nauyi a wurin Allah shi ne wanda ka yi ma mai ƙin ka, alhali kana sane da ko wane ne.