Mai Gadin Imel da Buhu Arba'in

Ranar rabon taki, buhu arba'in suka fita daga sito na ƙungiyar manoman dankali a Tudun Wada da sunayen da babu wanda ya san su. Kafin azahar an damƙe Gyang, wanda ya gina shafin rajistar manoman a intanet. Kowa ya ce ai shi ne, tunda shi ya san kan kwamfuta.

Sufeto Fadimatu, wadda ba ta barin abu sai ta ga cikinsa, ta ja kujera.

"Yaya shafin yake sanin imel na gaskiya?"

"Bai sani ba, ranki ya daɗe," in ji Gyang. "Layi ɗaya ne na alamomi, regex muke ce masa. Siffa kawai yake dubawa: suna, alamar @, sai wani suna, ɗigo, da ƙarshe. In babu ɗaya, ba za ka wuce ba."

"Wato mai gadi ne mai duba riga. To, zuba masa jerin sunayen duka mu gani."

Manoma ɗari shida suka wuce sumul. Arba'in suka maƙale, duk imel ɗinsu iri ɗaya: nil@nil, babu ɗigo, babu ƙarshe.

Abin ya ba ta sha'awa ƙwarai. "Ashe waɗannan ba ta ƙofa suka shigo ba. Wa ke iya rubutu kai tsaye cikin jerin?"

"Ni da sakatare."

Ta fara da Ɗanbaba mai sito. Bawan Allah, ko kunna kwamfutar bai iya ba. Sai ta kira sakatare, Oga Robert, tsohon akawun gwamnati, ta miƙa masa fom na takarda.

"Taimaka ka cike wa kakata. Ba ta da imel."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya rubuta nil, wato babu, a gurbin imel, kamar yadda ya saba shekara talatin a ofis.

"Gyang ya san abin da mai gadinsa ke so," in ji ta. "Da shi ne, da ya ƙirƙiri adireshin da zai wuce. Kai kuwa, Oga, hannunka ba ya iya barin gurbi fanko."

Robert ya ajiye biron. Ya ce buhunan suna wani shago a Anguwan Rogo.

Aka kwance wa Gyang ankwa. Yana murza hannu, Sufeto ta sake jawo kujerar kusa da allon kwamfutar, ta nuna layin regex ɗin.

"Kafin ka tafi gida, wannan ɗigon mai sanda a gabansa, mene ne aikinsa?"