Ramuka Huɗu a Bayan Gidan Mai Rediyo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu na gare ki.

To, da dariya ta fara, amma kada ku saki jiki.

An yi wani mai gyaran rediyo, mai ɗan shago a bakin titi, shagon da kullum yake warin dalma da ƙonanniyar waya. Mutum ne mai hannu, abin da ya mutu in ya taɓa sai ya yi magana. A gida su huɗu ne: shi, da tsohuwarsa da suke kira Inna, da matarsa, da 'yarsu tilo mai shekara goma sha biyar, wadda kowa ke ce wa 'Yar Baba. Bayan gidan akwai ɗan fili, da bishiyar lemun tsami, da igiyar shanya, da akurkin kaji.

Wata rana mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya a ƙofar shagon da kurarsa. Cikin tarkacen Mai Rediyo ya hango wata sanda mai faifai a ƙasa kamar murfin tukunya, da ɗan akwati a sama, da abin sawa a kunne. Na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa ce, waya ɗaya ce ta tsinke mata. Ya saya, ya liƙe wayar, ya sa batir, ta ce ƙiii a kan guduma. Ranar ko abincin rana bai ci ba.

Sabon shiga ba ya gane kukan na'urar. Ƙusa kukanta daban, azurfa daban, tagulla daban, sai kunne ya saba. Saboda haka ya yi dabarar masu koyo, wato ya binne abin da ya sani don ya ji yadda yake kuka. Ya fara da tsohon agogonsa da ya daina aiki. Ya tona, ya binne, ya tattake wurin, zumuɗi ya hana shi sa alama. Washegari ya nema ya rasa, don filin cike yake da tsofaffin ƙusoshi, ko'ina kuka.

"Sannu, mai neman arziki," in ji matarsa tana shanya. "Mutane na tono dukiya, kai kana binne taka."

"Ki ara mini ɗan kunnenki ɗaya."

"Ya bi agogo? Ba da ni ba."

Amma ta bayar, tana dariya. Inna ta zare zoben azurfarta da kyar, ta ce, "Ɗan nan, ka girma ba ka bar wasan ƙasa ba." 'Yar Baba ta cire awarwaron tagulla da uwarta ta saya mata. Wannan karon yarinyar ce ta ɗora dutse a kan kowane rami: zobe kusa da akurki, ɗan kunne ƙarƙashin igiyar shanya, awarwaro a gindin lemun tsami.

Wata uku yana share filin nan a hankali, faifan na shafar ƙasa, kai a sunkuye. Abin da ya samu ya cika bokiti: murafan kwalba, ƙusoshi, rabin cokali, makullin da ba a san ƙofarsa ba. Kuma wallahi yana jin daɗi. Da ya tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Sai ranar da ya tono wani ɗan guntun sarƙa, bai kai tsawon yatsa ba, maƙerin zinariya ya goga shi a dutse ya ce na gaske ne. Daga ranar bokitin ƙusoshi ya daina ba shi dariya.

Mai sayen ƙarafa ne ya raɗa masa. "Akwai wani boka a tsohon gidan niƙa, bayan gari. Ƙasa na jin maganarsa. Ni dai ban aike ka ba."

Ya je da tsakar rana, na'urar naɗe cikin buhu. Gidan ba rufi a rabinsa, amma ɗakin da bokan yake ciki rana ba ta shiga. Bango huɗu duk an rataye su da kwaɗuna masu tsatsa, kowanne a kulle, ba makulli. Ƙasa ba tabarma, jar ƙasa ce a jiƙe, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba. A tsakiya akwai rami, faɗin bakin tulu, an kewaye shi da haƙoran dabbobi. Wari kamar na tsatsa da jini. Bokan siriri ne, farcensa cike da ƙasa, bai ɗago kai ba.

"Ajiye sandar. Ka gaji da ƙusa."

Mai Rediyo ya ajiye ta. "Ranka ya daɗe, rago zan kawo ko sa?"

"Ni na ce maka ina jin yunwa? Me ka binne a bayan gidanka?"

"Zobe, da ɗan kunne, da awarwaro. Na koyo ne kawai."

"Huɗu ne."

"Uku... af, da wani mataccen agogo."

"Duk an sa su a jiki? Sun sha gumin masu su?"

"Sun sha."

Sai a lokacin bokan ya ɗago ido. "To ka riga ka yi shuka, ban ruwa ya rage. Duk ramin da ka tona cikin huɗun nan, abin da ka tarar naka ne. Abin da ka binne namu ne, da duk abin da ke biye da shi."

Ku ji inda mutumin nan ya tsaya ciniki. Cewa ya yi, "Zoben fa azurfa ne tsantsa. A bar mini shi, a ɗauki sauran."

Bokan ya yi dariyar da ba sauti. "Ba a ware wa ƙasa. Ka yarda, ko ka ɗauki sandarka ka koma wa murafan kwalba."

Akwai tambaya ɗaya da ta zo masa har bakin harshe: mene ne ke biye da su? Bai yi ta ba, jikokina, don ya san in ya tambaya za a ba shi amsa. Ya ce ya yarda.

Bokan ya zare batiran na'urar ya jefa a ramin. Ba a ji faɗuwarsu ba. Ya yanka baƙar kaza a kan faifan, ya tsaga wa Mai Rediyo babban yatsa ya haɗa jinin, ya shafe da jar ƙasa. Ya ɗauko sabon kwaɗo ya sa shi ya hura masa numfashi sau huɗu, ya datse, ya rataye a bango cikin 'yan uwansa. Na'urar da ba batir ta yi wani siririn kuka ita kaɗai.

Da la'asar Mai Rediyo ya koma gida ya ɗage dutsen kusa da akurki. Zurfin kamu biyu, shebur ya daki tukunya. Zinariya ce, dunƙule-dunƙule, da ɗumi kamar yanzu aka cire ta daga jikin mutum. Zobe kuwa babu.

Kwana na farko yatsan Inna ya yi baƙin zagaye a inda zoben yake zama. Kwana na biyu baƙin ya kai gwiwar hannu. Kwana na uku da hantsi aka same ta zaune a kan tabarmarta ta cika, bakinta cike da jar ƙasa. Matarsa ce ta share bakin da hannunta, tana kuka, tana tambayar inda tsohuwa ta samo ƙasa a ɗaki mai siminti. Shi ya ce tsufa ne.

Arziki ya shigo. Shagon rediyo ya zama kanti mai gilashi, aka ɗora bene, aka sayi mota, waɗanda ke kiransa Mai Rediyo suka koma ranka ya daɗe. Ko'ina aka shafe da siminti ban da bayan gida. Shekara ɗaya da rabi tukunyar ta ƙare, don irin wannan dukiya ba ta haihuwa, narkewa take yi.

Ya tsaya a kan dutse na biyu ya fi sau goma yana komawa. Kada wani ya ce muku bai sani ba. Ya sani. Ranar da ya tona ma, matarsa ce ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, in ka ga ɗan kunnena ka miƙo mini, ɗan uwansa ya gaji da zaman kaɗaici." Ya ce to, ya ci gaba da tona.

Ita ba ta samu sauƙin kwana uku ba. Kunnenta na hagu ya yi baƙi, ta fara jin kukan na'urar a cikinsa ba tsayawa. Ta toshe da auduga, ta toshe da tsumma, ta buga kanta a bango. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Daga baya ta daina gane 'yarta, sai ta rarrafa bayan gida ta kwantar da kunnen a ƙasa, ta ce ana kiranta. Wata biyu tana haka, sannan aka same ta ƙarƙashin igiyar shanya, farcenta duk sun karye.

Mai Rediyo ya koma gidan niƙa. "A kwance abin nan. Saura 'yata."

"Ni rami nawa na tona?" in ji bokan. "Kai ka tona. In ba a tona ba, ba a ɗauka."

Ya dawo da niyya mai kyau. Ya kwashe dutsen gindin lemun tsami ya jefar. Ya ɗaga guduma zai farfasa na'urar, ya tsaya, ya ce bari dai a ajiye, ya kulle ta a kabad. Ya kira magini don ya shafe filin da siminti, amma ranar da magini ya zo da kaya ya ce masa a bari sai wani watan. Ita kuma yarinyar bai gaya mata komai ba, don in ya gaya mata na uku, sai ya gaya mata na ɗaya da na biyu.

"Baba, awarwarona fa? Shi kaɗai ne abin da Mama ta saya mini da hannunta."

"Zan saya miki na zinariya guda goma."

"Ni wancan nake so."

"Kada in ƙara jin maganar nan a gidan nan!"

Ta juya ta koma ɗaki. Amma ita ce ta ɗora dutsen da hannunta, ba ta buƙatar alama, kuma ta san inda yake ajiye makullin kabad.

Ran nan ya dawo cin abincin rana, ta tare shi a bakin ƙofa, hannuwa duk ƙasa, ta tattaro bakin zanenta cike da abu mai nauyi. Rabon da ya ga dariyarta tun rasuwar uwarta.

"Baba, ashe ni ma na iya! Ban ga awarwaron ba, amma duba abin da na samo maka!"

Bai dubi zinariyar ba. Wuyan hannunta ya duba. Baƙin zagayen ya riga ya fito, siriri kamar zare.

Ko takalmi bai tsaya gyarawa ba ya isa wurin bokan, ya faɗi a jar ƙasar nan. "A ɗauke ni a bar ta. Komai na mallaka a karɓa."

"Abin da ka mallaka ai namu ne dama." Bokan ya sakace farcensa. "Amma kai ma naka yana cikin ƙasa. Tono ramin agogonka kafin rana ta faɗi a kwana na uku, sai a karɓe ka a madadinta. Ka dai san inda ka binne shi ko?"

Ya ruga gida, ya sa abin a kunne, ya ɗora faifan a ƙasa. Kuka a nan, kuka a can, kuka ko'ina. Ya tona: ƙusa. Ya tona: murfin kwalba. Ya rushe akurkin, ya tumɓuke sandunan shanya. Ya rufe ido yana ƙoƙarin tuna ranar farko. Kusa da katanga ne? Ko wajen magudanar ruwa? Abin da yake tunawa kawai shi ne yana murna yana tattake ƙasa. Tafin hannunsa ya saɓule, ya naɗe da tsumma ya ci gaba.

'Yar Baba ta riƙa kawo masa ruwa da hannu ɗaya, ɗayan ya riga ya mutu har kafaɗa. "Baba, ka huta mana. Wanda na samo bai isa ba ne?"

Ya sake kafa shebur a ƙasa.

A kwana na uku ta kasa tsayuwa, ta zauna ta jingina da lemun tsamin tana kallonsa. Inuwar katanga ta yi ta tsawo. Can shebur ya daki wani abu mai zagaye, ya zube a gwiwa yana yaƙushin ƙasa, yana cewa ga shi, ga shi. Murfin gwangwani ne. Ya juya zai ce mata saura kaɗan, ya ga jar ƙasa na zubowa daga gefen bakinta.

Ku saurare ni da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku dukiya bai faɗi farashi ba, kada ku tsaya, kuma in kun ji tsoron tambaya, to kun riga kun san amsar. Mutumin nan yana da sana'a, yana da uwa, da mata mai zolayarsa, da 'ya mai ɗora masa dutse, da bokitin ƙusoshin da ke sa shi dariya. Kwaɗayi ya sa ya ga kamar ba shi da komai.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Inna ta mutu, matar ta haukace ta mutu, 'Yar Baba ta bi su. Zinariyar ƙarshe ta koma jar ƙasa a cikin zanen da aka ƙulle ta. Kantin ya rufe, benen ya tsage saboda ramukan da ke gindinsa. Bokan yana nan, an ce kwaɗuna sun ƙaru a bangonsa. Mai Rediyo kuwa bai mutu ba. Yana bayan gidan har yau, tsirara rabi, da sanda marar batir a hannu, yana neman agogonsa.