Muryar Da Ke Bayan Saƙon

Ƙarfe biyu da rabi na rana aka kawo rahoton, kuma da farko Sufeto ya so ya tura sajan kawai. Satar waya ce, wayar ma tsohuwa mai fasasshen gilashi. Da ya ji inda aka sace ta ne ya ɗauki hularsa.

Ɗakin ɗaukar sauti ne a saman wani shagon fenti. A nan ƙungiyar iyalan waɗanda suka ɓata take haɗa waƙar da za a sayar don tallafa musu. Kowane gida ya kawo saƙon murya na ƙarshe da nasu ya bari, ana sakawa tsakanin baiti da baiti.

A kan matakala ya tarar da mai wayar, wata dattijuwa da idonta ya bushe ƙaf.

"Ɗana mai gyaran wuta ne," in ji ta. "Shekara uku ke nan da ya fita aiki. Muryarsa tana cikin wayar nan, ba ni da ita a ko'ina."

"Ku dai 'yan sanda sai tambaya!" wani mutum da ke gefenta ya daka tsawa. "Shekara uku me kuka tsinana? Tashi mu tafi, Yaya."

Ƙanenta ne, mai gidan bulo, kowa Kawu yake ce masa. Shi ke kawo ta duk wani taro a motarsa, shi ya buga hotunan cigiya. Sufeto ya dube shi sau ɗaya ya wuce. Shi dai a aikinsa, wanda ya fi mai kora shafawa bai taɓa kwanta masa a rai ba.

A ciki, mai haɗa sautin, wanda ake kira Kunne, yana ta sharce gumi.

"Me aka ɗauka?"

"Wayar Mama, da ƙaramin faifan da nake ajiye aikin duka. Kwamfutar ta tsufa, ba na barin komai a kanta."

"Ka kulle ƙofa da za ka fita?"

"Wallahi na kulle, Yallaɓai."

Sufeto ya shafa kwaɗon. Ko ƙwarzane babu.

"To aljani ne ya shigo?"

Kunne ya sunkuyar da kai. "Mai na je sayowa na janareta. Minti ashirin. Turo ƙofar kawai na yi."

Sufeto ya zagaya ɗakin. Ga makirufo biyu masu tsada a tsaye, ga wayoyin wasu gidaje shida a durowa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Wannan ɓarawon ba yunwa ce ta kawo shi ba.

"Me kake yi wa saƙonnin kafin ka saka su a waƙa?"

"Wanke su nake yi. In ware muryar mutum gefe, hayaniyar baya gefe. Ita muke kira shara. Amma ba na zubar da shara sai na saurare ta, haka na koya."

"Ta Mama fa?"

"Jiya na kunna ta. Ƙarar inji ce, sai wani yana magana daga nesa. Ban kula ba."

"Wa ke ɗakin lokacin?"

"Ni da mawaƙin. Mama ta fita wanke fuska. Sai Kawu, yana nan kan kujera yana jiranta." Sai ya tuna wani abu. "Har ya tambaye ni wuri nawa nake ajiye aiki, wai kada ya ɓace."

Mawaƙin yana baranda da littafinsa a hannu, dogo, sai kauce wa ido yake yi.

"Kana da kwafin saƙon?"

"Haba, Yallaɓai! Mun yi wa iyalai alkawari babu muryar da za ta fita daga ɗakin nan."

Sufeto ya karɓi littafin ya buɗa. A baitin mai gyaran wuta, an ja ƙananan layuka a kan kalmomi, har da inda yaron ya ja numfashi.

"Sau ɗaya ka ji saƙon, ka san inda ya numfasa? Kai ne na'urar?"

Mawaƙin ya rage murya. "Ba na iya rubuta baiti sai na kwana da muryar mutum a kunnena. Jiya da Kunne ya juya baya na tura komai wayata. Don Allah kada Mama ta ji."

"Har da sharar?"

"Har da ita."

Kafin la'asar ta yi sanyi, sajan ya kawo tsohon fayil ɗin ɓatan. Sufeto ya karanta shafi ɗaya, ya tara su duka a ɗakin, ya ce Kunne ya haɗa wayar mawaƙin da manyan lasifika.

Muryar saurayi ta cika ɗakin. "Mama, ina nan tafe, aiki kaɗan ya rage."

Dattijuwar ta dafe ƙirji. Sai yanzu hawaye ya zo mata.

"Yanzu sharar," in ji Sufeto. "Ƙara sauti."

Ƙarar janareta ta fara fitowa. Can daga baya wata murya ta ɗaga: "Kai, ka gama ne? In tayar da injin?"

A hankali Mama ta juya ta dubi ƙanenta.

"Muryoyi suna kama da juna," in ji Kawu.

Sufeto ya ɗaga fayil ɗin. "Ga bayanin da ka bayar lokacin da yaron ya ɓata, ga sa hannunka. Ka ce ranar ko inuwarsa ba ka gani ba. Sajan yana ƙasa kusa da motarka. In ce ya buɗe, ko za ka hutar da mu?"

Kawu ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Wayar da faifan suna ƙarƙashin kujerar direba. Yaya, wallahi tsautsayi ne. Injin bulo ɗanki ya zo gyara mini. Na ɗauka ya ce in kunna, ashe hannunsa yana kan wayar wuta. Nan take ya faɗi. Ma'aikata sun tashi, ni kaɗai ne. Na ji tsoron ɗauri, na ji tsoron idonki. Gawarsa tana bayan rumbun siminti, inda na zuba daɓe."

"Shekara uku," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai kake ɗauko ni, kai kake mayar da ni. Kana kallona ina bin asibitoci ina buɗe gawarwakin 'ya'yan mutane."

"Yaya..."

"Kada ka sake kirana."

Sufeto ya daɗe a aikin nan, amma sai da ya kau da kai, don abin ya taɓa shi. Ya yi wa sajan kira. Ankwa ta yi ƙara, aka tasa Kawu gaba, yana sauka matakala yana tuntuɓe.

Mawaƙin ya matso kusa da ita. "Mama, baitinsa fa? In gyara shi?"

Ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Cire shi, ɗana, ka ba wani gidan wurin. Wannan waƙar ta masu jira ce. Ni na gama jira."