Waken Inna a Cikin Toka

Can a wani zamani, an yi wata yarinya da ƙanwarta Auta. Da mahaifiyarsu ta rasu, ta bar musu irin wakenta a tulu, an rufe shi da toka saboda ƙwari.

Wata rana Auta tana shara, ta leƙa tulun, ta zaci toka ce kawai, sai ta juye a juji. Kaji suka bi suka tsince.

Yayar ta ce, "Auta, kin zubar da waken Inna!" Daga nan ta daina yi mata magana.

Kullum Auta na juji, tana tono tana kuka, tana tono tana kuka, har yatsunta suka fashe. Da yayar ta gani, sai ta kama hannun ta wanke, ta ce, "Bari haka nan, na yafe. Na rasa Inna, na rasa wake, ba zan rasa ki ba."

Da damina ta faɗi, sai ga Auta a guje. "Yaya! Yaya! Fito ki gani!"

Wake ne ya tsiro a gefen juji, kore shar! Suka yi tsalle, suka yi guɗa, suka ruga neman ƙaya su killace shi kafin awaki su riga su.