Sunan da Inna Turai Ba Ta Faɗa

"Tsaya! Tsaya, ko in hwasa maka kai!"

Sha'aibu ne ya dira kan kwalta daga cikin dawa, fuska naɗe da rawani, bindiga ƙirar maƙera a hannu. Ƙiii! Farar bas ta ci birki dab da kututturen da suka gicciya a hanyar Dauran. Rana tsaka, ko azahar ba a kira ba. Misbahu na gefe bisa babur, inji a kunne. Ladan ne ya fito ƙarshe, adda a dama, buhu a hagu, rawaninsa na neman kwancewa. Shi ne mai karɓar kaya.

"Kowa shi hito! Ƙasa! Ƙasa nic ce!"

Ƙofa ta buɗe. Mata zalla, sai direba. Ladan ya dubi ta farko. Hussaina mai ƙuli ce, wadda katanga ɗaya ta raba gidansu. Direban kuwa Sule ne, wanda jiya-jiya suka ci ɗanwake kwano ɗaya. 'Yan unguwa!

Sai na ɗan tsaya nan, don wanda bai san Bayan Tasha ba ba zai gane girman wannan ɓarna ba. Duk faɗin Ƙaura, in ka ce daga unguwarmu kake, sai mutum ya dafe aljihu. Mai kabu-kabu ba ya shiga da fasinja. Bakin kwalbati yake dire shi ya juya. Amma mu da ke ciki, wallahi hankalinmu kwance yake. Mace takan shanya atamfa ta tafi biki Shinkafi, ta dawo ta kwashe abarta. Akuya takan yi kwana uku tana yawo, ba mai kallonta. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne: ɓarayin duk namu ne. Doka ɗaya ce tsakaninmu da su. Ba sa taɓa ɗan unguwa, mu kuma in hukuma ta zo tambaya, ba mu ji ba, ba mu gani ba. Ba abin alfahari ba ne, amma mun yi alfahari da shi, har muna yi wa masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe dariya.

Da safiyar ranar, a rumfar facin Misbahu, Sha'aibu ya kawo labari. "Hwarar bas, baaba. 'Yan kasuwa na, cike da wayoyi, za su biyo ta Dauran. Minti biyar mun gama." Ba wanda ya tambayi farar bas nawa ce a duniya. Shi kuma Ladan, da uwarsa ke gaya masa a gida da sassafe cewa matan unguwa za su tafi ta'aziyya Birnin Tsaba, hankalinsa na kan waya, "to, to" kawai yake cewa.

Yanzu ga "to, to" ɗin nan kwance a kwalta, fuskoki a ƙasa, ana salati.

Ya matsa kusa da Sha'aibu, ya yi ƙasa da murya. "Oga, namu na hwa! Mu ɓace."

"Aiki ya hwara, ba a komawa. Amshi wayoyi!"

"Oga, doka..."

"Doka ta ci uwatta! Amshi!"

Ya fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan wayoyi ne duk, wata ma an ɗaure ta da roba. 'Yan kunne. Ƙullin goro. Hussaina ta miƙo tata ba tare da ta ɗago kai ba.

Sai ta ƙarshe ta sauko, a hankali, tana dafa ƙofa saboda ciwon gwiwa. Inna Turai mai hoce, gurasar dawa ta ƙasarmu. Uwarsa.

"Kwanta, tsohuwa!" in ji Sha'aibu.

"Ni ban iya kwanciya ƙasa, yaro. In harbi na, harba."

Ladan ya isa gabanta da buhu. Kansa ya ce masa, tsaya ƙyam, ba ta san ka ba. Gwiwoyinsa ba su ji ba. Shekara talatin suna aiki ɗaya kullum safe, yau ma suka yi abinsu: ya zube ƙasa, ya durƙusa, kai a sunkuye, adda a hannu, kamar mai jiran a ce masa ka tashi lafiya. Ɗan fashi guda, tsakiyar titi! Kafin ya gane abin da ya aikata, ta riga ta dube shi daga rawani har silifa.

Ta cire 'yan kunnenta ta saka a buhun.

Sule direba, da ke leƙowa ta ƙarƙashin hannu, ya ɗago kai. "Kai! Wagga durƙusawa ai na san ta. Ba La—"

Dam!

Hayaƙi ya turnuƙe. Sule ya yi ƙara ɗaya ya riƙe cinya, jini na tsartuwa. Mata suka ɗauki kururuwa. Sha'aibu ya fizge buhun, ya haye bayan Misbahu.

"Ja mu tahi!"

Ladan ya bi su a guje. "Ku tsaya! Oga, ni hwa?" Ya kama ƙarfen baya — Sha'aibu ya sa ƙafa ya tokare shi a ƙirji. Tim! Ya faɗi zaune. Babur ya shige hanyar daji. Can nesa ga ƙarar wata mota tafe. Ya miƙe ya afka cikin dawa, silifa ɗaya a ƙafa.

Ya yi gudu har ƙirjinsa ya fara zafi, sannan ya koma tafiya. Ya jefa addar a rijiyar wata gona, rawanin ya bi ta. Yana tafe yana zagin kansa. Ɓarawon da ya fita farauta ya kamo uwarsa, ya kuma gaishe ta! Ko a majalisar mahaukata aka ba da labarin nan sai an ce an ƙara gishiri. Kunya ta ishe shi, tsoro ya fi ta. Amma da ya hango rufin kwanon Ƙaura, sai wani tunani ya zo masa, har ya yi murmushi.

Shi ɗan fari ne. Inna Turai kuwa mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakinta bai taɓa furta shi ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". Ko wani Ladan daban ne ya zo sayen hoce, sai ta ce "mai sunan wancan". Matan duk fuskarsu na ƙasa, Sule ya suma kafin ya ƙarasa. Shaida ɗaya ce, ita kuma ko alƙali ba zai sa ta faɗi sunan ba.

"Allah shi ja zamanin al'ada," ya ce a fili, ya ƙara sauri.

A ofishin 'yan sanda kuwa, Sufeto Mahmud ya dubi matan da aka jera masa a benci, ya sauke numfashi. An wuce da Sule asibiti. Sufeton ya san 'yan Bayan Tasha kamar yunwar cikinsa. Shekara shida yana tambayarsu, shekara shida suna ce masa su makafi ne.

"To, iyayena. Na san ba ku gani ba. Amma sai na rubuta wani abu."

Hussaina ta ce, "Ranka shi daɗe, mu ƙasa muka kallo."

"Ni na gani."

Duk suka juya. Inna Turai ce, zanenta duk jinin Sule, don ita ta ɗaure masa cinya da gyalenta. Wata ta taɓa ta, ta raɗa, "Inna, unguwa hwa." Ta ture hannun.

"Unguwa? Su sunka hwara karya ta. Rubuta, yaro. Mai bindiga Sha'aibu na, ɗan gidan mai itace, ko cikin rijiya yay yi magana na san muryatai. Mai babur Misbahu mai faci na."

Alƙalami na gudu. "Na ukun fa?"

Ta buɗe baki. Tana iya cewa ba ta san shi ba, a wuce wurin. Amma ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya sunan ba. Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin zane ta rufe rabin fuska.

"Sai... wancan."

"Wancan wa, Inna?"

Matan suka dubi juna, suka dubi ƙasa. Hussaina ta dafe baki. Sufeto ya ajiye alƙalami. Shi ma ɗan fari ne, daga Zurmi, ya san wannan jan zane.

Ya juya ga Hussaina a hankali. "Ɗanta na fari, wa sunanai?"

Mota biyu suka fita. Ta farko ba ta sha wahala ba: an samu Sha'aibu da Misbahu kusa da Sakajiki, babur ya nutse cikin laka har sirdi, suna ja suna zagin juna. Ko ankwa ba a gama sa musu ba Sha'aibu ya fara waƙa.

"Wallahi Ladan na oganmu! Shi yak kawo aiki, shi yah harba! Ni riƙon bindiga kawai yab ba ni!"

Ta biyu ta shiga Bayan Tasha bayan la'asar. A da, kafin motar hukuma ta tsallake kwalbati, labari ya riga ta, an watse. Ran nan ba wanda ya motsa. Ladan na zaune a majalisa gaban shagon mai shayi, ya sake riga, ya manta wando, ƙarangiya ta lulluɓe shi har gwiwa. Shi ne ma mai babbar murya.

"Allah wadan ɓarayin yanzu! Mata hwa! 'Yan ta'aziyya! Ni in nik kama su..."

"Ladan?"

Ya waiga. Sufeto ne. Ya dubi hagu — lungun da ya saba bi, wani ya tsaya a bakinsa ya harɗe hannu. Ya dubi dama — mai shayi ya kau da kai. Ya zabura duk da haka, ya tsallake benci, ƙafa ta sarƙe da tukunyar ruwan zafi. Kwaram! Mutum uku suka danne shi, biyu cikinsu ma ba 'yan sanda ba ne.

"Wa yaf faɗi?" yake ihu ana tura shi mota. "Wa yaf faɗi sunana?"

"Ba wanda ya faɗa," in ji Sufeto. "Shiga."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Sule ya rayu, amma an yanke ƙafar, direba ya koma zaman ƙofar gida. Kafin sati ya zagayo, kwaɗon kulle ƙofa ya ƙare a shagunan bakin tasha. Mu da muke yi wa masu ƙofar ƙarfe dariya, mu ne a layin mai walda. Akuyar Hussaina ta ɓata ranar Talata, ba wanda ya san wa zai zarga, don yanzu kowa abin zargi ne. Da muna tsoron hukuma mu amince da ɓarayi. Yanzu ba mu da ko ɗaya, sai mu kulle ƙofa mu zauna muna sauraron motsi.

Rana ta takwas, ana gobe za a kai su kotu, aka ce wa Ladan yana da baƙuwa. Aka fito da shi bayan kantar ofishin 'yan sanda. Inna Turai ce, da ɗan kwano a ɗaure cikin tsumma. Ta rame. Ganin ta sai zuciyarsa ta karye, ya zube ƙasa, yana jiran zagi, yana ma fatan zagin, ko mari.

Ta ajiye kwanon bisa kantar. Ta dube shi ido cikin ido, ba jan zane, ba sunkuyar da kai.

"Ladan," ta ce. "Ga hoce."

Sufeto, da ke rubutu a gefe, ya tsaya cak. Ladan ya ɗago kai. Bai taɓa jin sunan nan da wannan murya ba, kuma yadda ta faɗe shi, haka take kiran kowane mai sayen hoce. Da duka aka yi masa da ya fi sauƙi. Hawaye suka zubo masa, ƙato da shi, gaban mutane.

"Inna... ni na hwa. Wancan naki."

"Na san kai na, Ladan."

Ta kwance tsummanta daga jikin kwanon, ta ninke, ta dafa bango ta fita.